Daga Gadon Asibiti Zuwa Sahun Masallaci

Lacca da aka gabatar gaban dattawa da malamai a garin Dutsi

 

Da aka aiko mini cewa ana so in yi magana a kan halin da dattijo yakan shiga idan ya daɗe kwance a asibiti aka sallamo shi, sai da na yi jim, domin ni ba likita ba ne, tsohon malamin makaranta ne kawai wanda alli ya cinye wa yatsu. Amma da na tuna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni ɗin nan da kuke gani na kwanta kusan wata uku a wani babban asibiti, bayan santsi ya kwashe ni a makewayi ƙashin kwatangwalona ya karye, aka yi mini aiki, miki ya ƙi kamewa da wuri saboda ciwon sukari, sai na ga ba ni da hujjar da zan fake da ita in ƙi amsa kira.

Abu na farko da nake so mu yi tadabburi a kansa shi ne kalmar nan ta sallama. Idan likita ya zagayo da safe ya duba takardunka ya ce an sallame ka, abin da yake nufi shi ne haɗarin da ya sa aka riƙe ka ya wuce, sauran aikin ana iya yinsa a gida, ga kuma wani bawan Allah can a waje kwance bisa benci yana jiran gadon. Mu kuwa a kunnenmu sai kalmar ta juye ta zama an warke, har a buga waya gida a ce a yanka kaji. Ranar da aka sallamo ni, tun daga Shargalle da muka karkato hanyar gida nake jin raina fes, ina duban gonaki ta tagar mota ina lissafin abin da zan fara yi gobe. Da muka iso na tarar da ƙofar gida maƙil, mata na guɗa daga ciki, maza na yi mini barka da arziki, na dafa mota na miƙe, na dogara sanda na tako har bakin zaure, sai ga dokin ƙofar nan da na shekara 40 ina ƙetarawa ban taɓa ko dubansa ba ya tsaya mini kamar ganuwar birni. Na umurci ƙafa ta ɗaga, ta ƙi. Jikokina biyu suka ciccibe ni gaban jama'a suka shigar da ni kamar buhun gero, ana ta dariyar murna, ni ma ina tayawa, alhali Allah ya sani abin da ya soki zuciyata a wannan sa'a ya fi karayar zafi.

Da na koma ganin likita na kai masa ƙarar ƙafafuna duka biyu, domin wadda ba ta karye ba ita ma ta koma kamar sillen kara, sai ya yi mini bayanin da ya sa daga baya na shiga tambaya da bincike, na tarar ashe gado da kansa cuta ne, kuma ma'abota ilmin likitanci sun daɗe da sanin haka. Tun a shekarar 1947 wani likitan Ingila mai suna Richard Asher ya rubuta maƙala yana gargaɗin 'yan'uwansa likitoci a kan illar barin mutum kwance, a zamanin da ake ɗaukar kwanciya uwar magunguna. A 1966 kuma aka yi wani gwaji a birnin Dallas na ƙasar Amurka, aka sami samari 5 lafiyayyu 'yan shekara 20, aka kwantar da su mako 3 ba tashi, aka auna ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan aka auna su, sai aka ga kwanciyar mako ukun nan ta fi rage musu ƙarfi bisa ga tsufan shekara talatin. To, wannan fa samari ke nan. Game da tsararrakinmu kuwa, a 2007 wasu masana a jihar Arkansas suka kwantar da dattawa lafiyayyu kwana 10 kacal, suka tarar a matsakaicin lissafi kowannensu ya zubar da tsoka kimanin kilo guda daga ƙafafu kaɗai. Ku je ku dubi kilo guda na jan nama a teburin mahauci, sa'an nan ku yi tunanin wanda ya kwana 80.

Har hanyoyin jini ma sukan yi sakaci da aikinsu, shi ya sa wanda ya daɗe kwance in ya miƙe farat ɗaya jini yakan zube masa ƙafafu, jiri ya ɗebe shi, ya ga duhu, ya faɗi. Kuma faɗuwa ta biyu ga tsoho, Allah ya kiyashe mu, sau da yawa ta fi ta farko muni. A Amurka ma, inda ba a rasa magani ba, wani lissafi da aka buga a 2009 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da aka sallama sukan koma asibiti kafin kwana 30, kuma da yawansu wani ciwo ne daban da na farko yake mayar da su, domin jikin ya fito a raunane, ƙofarsa a buɗe take ga duk abin da ya zo wucewa.

Misali mafi kusa da mu, wanda ba sai an buɗe asirin gidan kowa ba, shi ne na maƙwabcinmu na Daura, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa. Ya tafi Landan neman magani ranar 19 ga Janairu 2017 yana da shekara 74, ya dawo ranar 10 ga Maris, jirginsa ya sauka Kaduna saboda ana gyaran filin jirgin Abuja, ya kuma faɗa da bakinsa cewa bai tuna ya taɓa ciwo irin wannan ba, har ƙarin jini aka yi masa. Aka yi ta murna ana cewa ya warke. Bai cika wata biyu ba, ranar 7 ga Mayu, ya koma, wannan karon ya haura kwana 100, sai 19 ga Agusta ya dawo, ya ɗan jima yana aiki daga gida, a ƙarshen watan ya zo Daura Babbar Sallah. Da shekara ta zagayo, a Babbar Sallar 2018, aka gan shi ya tako da ƙafa daga filin Idi ya nufi gida, tafiyar da aka ƙiyasta mita 800, 'yan siyasa suka ɗauki zancen kowa ya ja shi inda ya ga dama. Ni dai lissafin da na yi irin na malamin makaranta ne: tsakanin dawowarsa ta biyu da wannan tattaki akwai shekara guda cur, ga mutumin da yake tsohon soja, wanda likitoci ke kewaye da shi dare da rana. Har ma saboda yadda jinya kan canja kamannin mutum, sa'an nan murmurewa ta sake canja su, wasu suka ƙaga labarin wai wani ne daga Sudan aka sako a madadinsa, sai da ya fito a ƙasar Poland cikin Disamba 2018 ya ƙaryata. Allah ya ja kwanansa ya kammala mulki ranar 29 ga Mayu 2023, ya koma Daura, bai rasu ba sai 13 ga Yuli 2025, kusan shekara takwas bayan jinyar da mutane da yawa suka fid da rai a kanta. Saboda haka dattijon Dutsi da ya kwana 40 a gida yana fushi da ƙafarsa don ba ta kai shi kasuwa ba, ya sassauta wa kansa.

Yanzu bari in koma fagen da na ɗan fi sabawa da shi, Allah gafarta malamai su gyara mini in na karkace. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya karanta Ahalari, littafin Shaihu Abdurrahmani Al'ahdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 10 bayan Hijira, ya san an jera wa sallar farilla halaye bakwai: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya bisa gefen dama, da gefen hagu, da rigingine, bin jerin huɗun farko wajibi ne, na ukun ƙarshe kuwa mustahabbi. Tushen mas'alar yana cikin hadisin Imrana ɗan Husaini, sahabin da basur ya matsa wa har ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla. Muna yara muka haddace wannan babi muna rerawa, muna ɗaukarsa tsani ne na sauka, wanda Shari'a ta kafa wa mai rauni saboda rahama. Ni kuwa na sauka shi har matakin ƙarshe: mako biyu ina salla rigingine da ishara, ina taimama da wani ɗan dutse da uwargida ta ɗauko daga tsakar gida ta ƙulle a bakin zane.

Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk da na karantar da littafin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, sai da ciwo ya zama malamina, shi ne ɗaya fuskar hukuncin. Wato a cikin halaye huɗun farko, wanda yake da ikon yin na sama ya bar shi ya yi na ƙasa, sallarsa ta ɓaci. Ma'anar wannan ita ce Shari'ar da ta yi maka rangwame ka sauka, ita ce kuma ta ɗora maka ka hau da zarar iko ya dawo, kuma ta sa maka jarrabawar sau biyar kowace rana: yau za ka iya zama ba tare da filo a bayanka ba? Yau za ka iya kabbarar harama a tsaye ka dafa bango, ko da sauran sallar a zaune za ka ƙarasa? Na rantse muku, abin da wani saurayi na sashen gashi yake tilasta mini a asibiti, ina jin haushinsa ina ce masa ɗan nan ba ka da tausayi, shi ne daidai wannan tsani, mataki bayan mataki: ka tashi zaune, ka zuro ƙafa, ka miƙe da riƙo, ka saki riƙo. Da na gane haka sai motsa jikin nan ya daina zama mini wulaƙanci ya shiga cikin ibada.

Sai dai a nan akwai iyaka, kada wani ya fita daga wurin nan ya ce na ce tsoho ya yi ta maza. Ma'aunin iko ya haɗa da maganar likita, domin malaman fiƙihu sun karɓi tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa a matsayin uzuri, musamman in likita amintacce ne ya faɗa. Ni an hana ni lanƙwasa kwatangwalo sosai har tsawon makonni, saboda haka ko bayan na iya tsayuwa, sujada da ishara na yi ta yi ina bisa kujera, ban kuwa ji nauyin kowa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar, kuma iyayenmu mata da 'ya'yanmu su yi mini afuwa. Babban abin da ke hana dattijo hawa tsanin nan a gidajenmu shi ne ƙauna. Ka yunƙura za ka ɗauki buta, an riga ka. Ka ce za ka fita tsakar gida, a ce, Baba ka kwanta ka huta, me kake so a kawo maka? Abinci a kawo, rediyo a kawo, ruwan alwala a kawo, har tasar da za ka tofa yawu a ciki, kowa yana neman albarka, kowa yana tsoron kada 'yan dubiya su ce an bar tsoho yana wahala. A haka sai gidan ya zama asibiti na biyu wanda ba likita a cikinsa, abin da gadon can ya rage na tsoka katifar nan ta ƙarasa. Na san dattawa da ciwon da ya kai su asibiti ya warke sarai, amma ba su sake takawa ba. Ni Allah ya taimake ni da wata jikata 'yar aji huɗu marar kunya, wadda ta mai da abin wasa, kullum bayan La'asar sai ta zo ta tsaya ta ce, tsoho, tashi mu ga ƙarfin angon nawa. Tana ƙirga mini taku da ƙarfi, tana rubutawa da gawayi a bangon ɗaki. Ranar farko 12 muka yi. Sai da muka yi mako uku kafin in kai gindin bedin da ke tsakar gida, wanda a da ko numfashi biyu ba na yi nake isa gare shi. Ibnu Sina ma, a cikin littafinsa Alƙanun, ya keɓe babi ga kula da tsofaffi, inda ya yi maganar shafa mai da tausa, da tafiya gwargwadon hali, da cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Kakanninmu da suke murza wa mai jinya ƙafa da man shanu ko man kaɗanya ba su yi nisa da shi ba.

Akwai wani wuri da kunya ta hana mu ambata, alhali a can ne mafi yawan haɗari yake, wato makewayi. Masanmu na tsuguno ne, ƙasansa da danshi, ga shi nesa da ɗaki, ga duhu. Tsohon da cinyarsa ta zube yana iya tsugunawa amma tashi ya gagare shi, kunya kuma ta hana shi kira. Da yawa sukan rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya tashe su da dare, sai rashin ruwan ya jawo musu taurin bayan gida da jiri da ruɗewa. Maganin wannan bai kai kuɗin kaza biyu ba: kafinta ya huda kujera a ɗora bisa masai, a kafa ƙarfe ko gungume mai ƙwari a bango inda za a riƙa, a ajiye tocila da fo kusa da shimfiɗa, a ɗauke tabarmin da bakinsa ya naɗe, a kuma koya wa dattijo in zai tashi ya fara zama a bakin gado ya yi salati goma tukuna.

Game da abinci, akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya dace da mu ƙwarai. Manzon Allah ya shiga gidan Ummul Munziri tare da Sayyidina Aliyu, Aliyu kuwa bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Ga dabino a rataye, Annabi ya ci, da Aliyu ya sa hannu sai ya dakatar da shi saboda yana cikin murmurewa, har matar ta dafa sha'ir da wani ganye mai kama da alayyafo, sa'an nan ya umurce shi ya ci wannan, ya fi dacewa da shi. Ashe tun a wancan zamani an san mai murmurewa yana da hukunci nasa, dabam da na majinyaci, dabam da na lafiyayye. Mu kuwa sai mu tsare tsoho da kunu safe da yamma, da lemon kwalba da 'yan dubiya suka tara, muna cewa ba ya iya cin abu mai nauyi. Kunu yana da amfaninsa, Nana A'ishatu ma takan yi umurni da talbina ga marar lafiya, ita ma kunun sha'ir ce. Amma tsokar da ta zube ba ta dawowa da ruwan gero kaɗai, tana bukatar wake da ƙwai da nono da kifi da awara da ƙuli-ƙuli, da romon kaza, da zogale, duka kuwa akwai su a ƙasar nan, sai fa wanda likita ya taƙaita masa su saboda ciwon ƙoda. Mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙulen miya, mai sukari kuma a ɗauke kwalaben nan daga gabansa a ba yara. Idan azumi ya riske shi bai gama murmurewa ba, kada ya yi gardama: majinyacin da ake sa ran sauƙinsa ramuwa ce a kansa, tsohon da ya gaza gaba ɗaya kuwa Risalar Ibnu Abi Zaidin ta nuna an so ya ciyar da mudu guda, mudun Annabi, a madadin kowace rana.

Maganar magani gajera ce. Ƙwayar hawan jini da ta sukari ba a barinsu don an ji sauƙi, sauƙin ma su ne sababinsa. Ranar komawa asibiti a ɗebi dukan magungunan a leda guda a kai, har da jiƙon da gwaggo ta aiko da shi, a faɗa wa likita gaskiya. A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a kemis ba da takarda ba, domin suna iya ƙwaƙule cikin tsoho su taɓa ƙodarsa. Addu'a da tofi ba su hana ƙwaya aiki, ƙwaya ma ba ta hana su. In kuwa aka ga zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya yi sama-sama, ko miki ya fara ruwa, ko dattijo ya wayi gari yana sambatu bai san inda yake ba, kada a ce gigin tsufa ne ko iska, kada kuma a jira ranar da aka rubuta a kati, a nemi mota.

Sai 'yan dubiya. Duba marar lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, ba mai jayayya a wannan, kuma ba zan manta da waɗanda suka taso tun daga Kayawa da Yamel da Mashi da Daura suka zo gaishe ni ba, Allah ya saka musu. Amma malamai sun ambata cikin ladubban dubiya cewa a taƙaita zama, mu kuwa mun riƙe haƙƙin mun saki ladabin. A makon farko tun hantsi har bayan Isha'i ɗakina bai rabu da mutane ba, kowa ya ce, ya jiki, in ce da sauƙi, ko da kuwa a lokacin ji nake kamar ana sara mini ƙashi da gatari, domin wace amsa ce kuma Bahaushe yake da ita? Kowa da maganin da ya warkar da wani kawunsa, wani ma sai ya zauna ya ba ka labarin mutum uku da suka yi irin ciwonka suka mutu. Ba barcin rana, ba lokacin tafiya, ga mai mura ya zo ya yi maka musafaha da hannu biyu. Daga baya ɗana babba ya yi ƙarfin hali ya shimfiɗa tabarma a zaure yana karɓar gaisuwa a madadina, sai bayan Magariba ake shigowa. Wasu suka ji haushi suka ce an ɓoye malam, amma daga wannan mako na fara jin ƙarfi.

Akwai kuma ciwon da ba ya fita a hoton asibiti. Mutumin da ya yi wata uku ba ya nan yakan tarar gida ya koyi tafiya ba da shi ba: makullin rumbu ya koma hannun ɗa, an sayar da sa an biya kuɗin aiki ba a faɗa masa ba don kada hankalinsa ya tashi, ana magana ya shigo a yi shiru. Duk da kyakkyawar niyya aka yi, amma shi abin da yake karantawa a ciki shi ne an riga an yi masa ta'aziyya yana da rai. Daga nan sai shiru, sai ƙin abinci, sai juya fuska bango, a ce tsufa ne, alhali baƙin ciki ne, kuma likitoci suna da taimakon da za su yi a kansa in an gaya musu. Ku mayar masa da mulkinsa kaɗan-kaɗan kamar yadda ƙafarsa ke dawowa: a tambaye shi gonar da za a fara shukawa, a kawo masa yara ya ji haddarsu, a faɗa masa gaskiyar abin da aka kashe, a bar shi ya yi faɗa in faɗan ya zo. Ku tuna Manzon Allah a ciwonsa na ƙarshe, da ya ji ɗan sauƙi, fitowa ya yi zuwa masallaci tsakanin mutum biyu, Abbas da Aliyu, ƙafafunsa suna jan ƙasa, ba wanda ya ce masa ya koma ya kwanta.

Ba zan sauka ba sai na ambaci wadda ba a yi wa sannu. Uwargidana ta ba shekara 60 baya, ita ma tana da nata ciwon gwiwa, amma ita ta kwana wata uku bisa tabarma a gefen gadona, ita ke juya ni duk bayan awa biyu don kada bayana ya yi gyambo, ita ke bin layin magani. Da muka dawo gida kowa ni yake tambaya, ita kuwa sai a ce ta kawo wa baƙi ruwa. Mako biyu da dawowarmu ta kwanta. 'Ya'ya maza, wannan magana taku ce: wankan mahaifinku da kai shi makewayi da kwana kusa da shi aikinku ne kafin ya zama na tsohuwa ko na matanku, ku raba kwanakin a tsakaninku, wanda ke Kano ko Abuja kada ya ɗauka kuɗin da ya turo ta waya sun sauke masa wannan.

Ni dai sai da na yi wata huɗu da dawowa kafin in isa masallacin unguwarmu da ƙafata, tafiyar da ba ta fi taku 200 ba, na tsaya hutawa sau biyu, na ƙetare dokin ƙofar nan tawa ba wanda ya riƙe ni. Na sami gefen sahu kusa da bango, na yi raka'ar farko a tsaye kafaɗata na jingine, sauran uku a zaune. Yanzu alhamdu lillahi Asuba da Magariba a tsaye nake yinsu ba jingina, Isha'i kuwa har yau wata rana sai na nemi bango, gona kuma ban kai ba tukuna, jikata ta ce sai bayan an yi girbi za ta ba ni izini. Wannan laccar ma kun ga a tsaye na fara ta, tun wajen zancen Dallas na dafa teburin nan, yanzu kuwa ƙafar hagu ta aiko mini da saƙo. Ranka ya daɗe Hakimi, ina neman izini in zauna, in akwai mai tambaya sai in amsa daga kan kujera.